Amalanken Kyamara da Tarihin da Ke Neman Kuɓuce Mana



Aikina rubutu ne. Shekaru da dama ke nan ina riƙe da alƙalami a zauren wani dattijo daga cikin manyan Nima. Ni ke rubuta wasiƙunsa, ni ke ajiye bayanin sulhu idan an sasanta masu husuma, ni ke lissafa waɗanda suka zo ta'aziyya. Da ajami na fara, domin a makarantar allo na koyi riƙon alƙalami, daga baya na haɗa da boko. Saboda haka wanda ya ga yau na ɗauko zancen katako da tayoyi da bututun roba, yana iya yin mamaki. Dalili kuwa shi ne, a cikin wannan aiki na ga iyakar takarda. Tana riƙe abin da dattijo ya faɗa, amma ba ta riƙe zauren da ya faɗe shi a ciki, balle lungun da ya nuna da sandarsa yana cewa nan ne shanu suke kwana a da.

Zancen shanun nan gaskiya ne. Wajen shekarar 1931 Malam Amadu Futa ya sami wannan fili daga hannun iyalin Odoi Kwao na Osu, ya zauna da dabbobinsa, mutane suka yi ta sauka a wurinsa har wuri ya zama gari. Kafin nan, Malam Baƙo ya riga ya kafa Sabon Zango a ɗaya ɓangaren Ankara. Waɗanda suka ga farkon Nima da idonsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka shaida korar baƙi ta 1969, zamanin gwamnatin Busia, lokacin da maƙwabta suka sayar da kayansu a wulaƙance suka hau motocin Nijeriya da Nijar, su ma yau sun tsufa ƙwarai. Duk jana'izar da muka raka, da wani abu na tarihin unguwa muke binnewa.

Kyamara kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, sai dai a hannun wasu take zuwa. Mai ɗaukar hoto ya shigo daga waje, ya tsaya a bakin babban magudanar ruwan da ke tsakanin Nima da Maamobi, ya ɗauki shara da cunkoso, ya koma. Abin da ya ɗauka yana nan, ba mu musa ba. Amma bai shiga zauren da ake karatun Muwaɗɗa bayan Asuba ba, bai ga gidan da ƙabila biyar ke cin tuwo a tsakar gida ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san inda ya ajiye dukiyarsa.

Wannan ne ya sa na saurari wasu samarin unguwa da suka zo neman izinin ɗaukar hirar Baba da sauran dattawa. Waya ce a hannunsu da ƙaramar kyamara guda ta aro. Da suka nuna mini gwajinsu na farko, maganar ta fita sarai, amma duk inda mai ɗauka ya taka ƙafa sai hoton ya yi ta rawa har kan mutum ya yi ciwo. Suka ce maganin abin shi ne amalanken kyamara, wato wani dandamali mai tayoyi da ake ɗora kyamara a kansa a tura ta a hankali bisa dogo, kamar jirgin ƙasa. Na masu sana'a yana da tsadar da ko hayarsa ta fi ƙarfinsu, don haka suka ƙudura su ƙera nasu.

Na tambaye su, me zai hana ku tsaya wuri ɗaya ku zuƙo hoton? Amsar da suka ba ni ta gamsar da ni. Zuƙowa girman hoto kawai take ƙarawa, komai yana nan inda yake. Amma idan kyamarar ce da kanta ta matsa, abin da ke kusa yakan wuce da sauri, na nesa ya bi a hankali, ƙofa ta buɗe ta bayyana abin da ke bayanta. Haka idon mutum yake gani idan yana tafiya, shi ya sa mai kallo yake jin kamar shi ne ya yi sallama ya shiga.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1914 aka ɗora kyamara a kan amalanke wajen shirya fim ɗin Cabiria a Italiya. Masu ƙaramin ƙarfi kuma ba su taɓa jiran kayan tsada ba. A Faransa, Jean-Luc Godard ya tura mai ɗaukar hotonsa a keken marasa lafiya a titunan Paris don fim ɗinsa na 1960. A nan Gana, William Akuffo ya shirya Zinabu a 1987 da kyamarar kaset ta bidiyo, a lokacin da fim na gaske ya gagari kowa saboda tsada. A Kano ma da irin wannan ƙaramin kaya aka fito da Turmin Danya a 1990. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga yadda samarinmu suka yi nasu, ko wani zai amfana. Kafinta ya yanka musu faffaɗan katako mai kauri, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, faɗinsa kamar santimita 70, yadda mariƙin kyamara mai ƙafa uku zai zauna daram. Suka samo tsofaffin takalman taya a wajen masu gwanjo a Kantamanto, suka cire tayoyi takwas masu lafiyayyen boris. Wani mai walda a Maamobi ya yanka musu ƙarfe mai kusurwa gida huɗu, ya huda shi, aka ɗaura taya biyu a jikin kowanne, suna karkace suna fuskantar juna yadda za su rungumi bututu ta gefe da gefe. Aka ɗaure waɗannan da noti a ƙarƙashin kusurwoyin katakon. Dogon kuwa bututun roba ne na masu aikin famfo, mai kaurin inci ɗaya da rabi, guda biyu a jere. Inda ake son ƙarin tsawo, sai a cusa guntun itace a cikin bakin bututu biyu a haɗa su, don kada taya ta yi tuntuɓe a mahaɗa.

Ƙera shi bai ba su wahala kamar shimfiɗa shi ba. Kowa ya san ƙasar Nima: tudu da gangare, dutse a nan, kwata a can, lungu kuma wani ko mutum biyu ba sa jerawa. Sai da suka aro ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, suna cusa guntayen katako a ƙarƙashin bututu har ya daidaita. Suka lura cewa amalanke marar nauyi yana karkarwa, sai suka ɗora masa buhun yashi. Suka koyi share bututu kafin kowace ɗauka, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya tana ɓata aiki. Mai turawa kuma ya cire takalmi, ya fara tafiya kafin a soma magana, kada ya tsaya sai an gama.

Ranar da suka ɗauki Baba, dogon ya taso daga ƙofar gida ya ratsa zaure. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja da ran Baba, a ina za mu tsaya?" Baba ya nuna bakin buzunsa ya ce, "Nan, ɗana. Ku zo yadda baƙo yake zuwa." Da muka kalli abin da aka ɗauka, sai ga alluna jingine da bango sun wuce, ga butar alwala, ga tarin littattafan mahaifinsa, kana fuskar dattijon ta cika hoton daidai lokacin da ya ambaci sunan amininsa da ya tafi a 1969 bai dawo ba. Na sha rubuta wannan labari daga bakinsa, amma ban taɓa iya rubuta shirun da ya yi bayan sunan ba.

A nan nake jan hankalin matasanmu. Na'urar da ke shiga gida a sauƙaƙe tana buƙatar ladabi fiye da wadda ke tsaye a waje. A nemi izini kafin a shimfiɗa dogo. Kada a wuce zaure zuwa cikin gida sai matan gidan sun yarda da bakinsu, kuma a tuna cewa rabin tarihin zango yana wurin iyayenmu mata, 'yan kasuwa da ungozomomi da malaman Islamiyya. A sauke kyamara daidai idon dattijo idan yana zaune, kada a leƙo shi daga sama. Idan ya ce a kashe, a kashe. Abin da aka ɗauka kuma a ajiye shi wuri biyu ko uku, a rubuta sunan mai magana da ranar, a ba iyalinsa nasu, domin waya tana ɓata, tana kuma lalacewa.

Amalanke ɗaya ya ishi unguwa guda idan ana ba da aro. A Maamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina akwai kafintoci da masu walda, akwai samari masu waya, akwai kuma tsofaffin da ba a taɓa zama an tambaye su ba. Wanda yake da kaka ko kakan da ya haura saba'in, ya fara da shi a wannan mako, ko da dogon bai samu ba tukuna.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya yi wa zuri'armu albarka. Wassalam.