Adon Hunturu A Sirigu

A zangunanmu na Ankara da Kumasi, da watan Disamba ya kama sai shaguna su cika da takardun ƙyalƙyali da furannin roba na Kirsimeti da sabuwar shekara. Kafin mako biyu ƙurar hunturu ta dusashe su, sai shara.

To, jama'a, mu leƙa Sirigu, wani gari na Nankani a arewacin Bolgatanga, kusa da iyakar Burkina Faso. Can sau ɗaya ake ado, kuma aikin mata ne. In an gama girbi, iska ta bushe, sukan taru su yaɓe bango da laka haɗe da kashin shanu, su goge shi da dutse mai sulɓi har ya yi santsi. Launi uku ne kacal, duk daga ƙasa da duwatsu: ja, fari da baƙi. Da su ake zana mesa, kada, saniya da sakaina. A ƙarshe a dafa ɓawon ɗorawa a yayyafa ruwansa. Ashe makubar da kakanninmu ke daɓe da ita ce! Ita ke riƙe launi, buji ya wuce, bazara ta wuce, zane na nan. Damina ce kaɗai ke cinsa a hankali.

A 1997 Melanie Kasise ta kafa wa matan ƙungiya, yanzu har a kan ƙyalle suke zanen. A ganinmu ƙyalle ɗaya ya ishi ɗakin haya a Nima, daga hunturu har Sallah.