Kafin Ka Tafi Ƙasar Ƙanƙara, Duba Jakar Maganinka

A watan Disambar bara na shirya wa mahaifiyata tafiya Norway, domin ta ziyarci ƙanena da ke karatu a Oslo. Sun tsara su hau jirgin ƙasa na kimanin awa 7 zuwa Bergen, sannan su ga Sognefjord, mashigin tekun nan mai tsawon fiye da kilomita 200 da ya ratsa tsakanin duwatsu. Hankalin kowa a gida yana kan rigunan sanyi, ni kuwa nawa yana kan allurar insulin ɗin Hajiya.

Mai karatu, a nan zafi muka saba tsoro ya lalata mana magani. A can kuwa sanyi ne abin tsoro. Insulin da ya daskare ya lalace, ko da ya narke daga baya. Shi ya sa na hana a sa shi cikin akwatin da ke tafiya ƙarƙashin jirgi, na ce ta riƙe shi a jakar hannu, in sun fita yawo kuma ta ajiye shi a aljihun ciki, kusa da jikinta.

Idan kana da sikila ko asma, ka ga likitanka tun kafin ka sayi tikiti, domin tsananin sanyi na iya tayar da ciwon. Ka karɓi takardar likita mai ɗauke da sunayen magungunanka, musamman irin su tramadol da ake tsananta bincike a kansu.

Hajiya ta dawo lafiya, tana ta ba jikokinta labarin ranar da ke faɗuwa da ƙarfe 3 na yamma.