Tarin Da Ba Shi Da Suna

Tun ina yaro na tashi na tarar da Goggo, ƙanwar mahaifina, tana tari. Sana'arta tuyar ƙosai da safe da dafa tuwon sayarwa da yamma, a wani ɗan madafi mai ƙofa ɗaya wanda ba shi da taga. Da kara da itace take hura wuta, in damina ta yi itacen ya jiƙe, hayaƙi ya turnuke har ba ka ganin fuskarta. Shekara fiye da talatin tana haka, kuma da ribar wannan tuya aka saya mini littattafan sakandare.

Sa'ad da tarin ya tsananta, har ta fara haki in ta ɗauko ruwa daga rijiya, sai aka kai ta ɗakin shan magani na garinmu. Malamin asibiti ya ce mura ce, ya ba ta maganin tari na kwalba. Aka koma, ya ce a gwada majina ko tarin fuka ne. Aka gwada har sau biyu ba a ga kome ba. Wani ya ce asma ce. Makwabta kuwa cewa suka yi tsufa ne, ita ma ta yarda. In na ce mu koma asibiti sai ta ce, "Kai ɗan nan, wa ya taɓa tsufa ba tari?" Haka muka yi ta kai da kawowa shekara bakwai.

Bara, cikin hunturu, numfashinta ya sarƙe da dare, muka kai ta babban asibiti a birni. Bayan ta farfaɗo, likita ya ba ta wani bututu ya ce, "Inna, ja numfashi ki cika ƙirji, sa'an nan ki hura da iyakar ƙarfinki." Wannan na'ura ita ce mai auna numfashi, wadda wani likitan Ingila, John Hutchinson, ya bayyana tun 1846. Ana duba yawan iskar da mutum ya fitar a daƙiƙa ta farko, a gwada da dukan abin da ya iya fitarwa. In bai kai kashi 70 cikin 100 ba, bayan an shaƙa masa maganin buɗe hanyoyin iska, to akwai toshewa. Gwajin bai ci minti ashirin ba, ya faɗi abin da shekara bakwai ba su faɗa ba.

Likitoci suna taƙaita sunan cutar da COPD, watau toshewar hanyoyin iska na huhu mai daɗewa. Hayaƙi ne yake cin huhu sannu a hankali: hanyoyin iska su kumbura su ƙuntace, 'yan jakunkunan iska su lalace, kuma abin da ya lalace ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021. A ƙasashe masu arziki taba ce babban sanadi, amma a ƙasashe irin namu hayaƙin girki yana da babban rabo. Goggo ba ta taɓa riƙe taba ba ko sau ɗaya.

To, me ya sa ba a gane ta da wuri a ƙananan asibitoci? Da farko dai babu na'urar a wurin. Na biyu, alamunta, watau tari da majina da haki, sun yi kama da na asma da na tarin fuka da na ciwon zuciya. Na uku, in ma an yi tambaya, ta taba ake yi; da zarar mace ta ce ba ta sha, sai a rufe zancen. Ban ɗora wa malamin asibitinmu laifi ba, don kuwa shi kaɗai yake ganin jama'a tun safe har azahar.

Amma akwai dalili na huɗu, wanda shi ne ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Hausa tana da mura, da tarin shiƙa, da tarin fuka, ta kuma aro asma. Wannan cuta kuwa ba ta da suna a bakin jama'a. Abin da ba shi da suna, majiyyaci ba ya iya kai ƙararsa, 'yan'uwa ba sa tambaya a kansa, mai shela a rediyo ba ya gargaɗi da shi. Da a ce tun farko muna da kalma irin "tarin hayaƙi", ina kyautata zaton da wani a gidanmu ya dubi madafin nan ya yi tunani. Ni kaina na yi shekaru ina nazarin kalmomi, ban lura da wannan giɓi ba sai da ya taɓa gidanmu. Gaskiyar Bahaushe, rashin sani ya fi dare duhu.

Yanzu Goggo tana amfani da maganin shaƙa, an fitar da murhu tsakar gida, kuma ta sami sauƙi. Sai dai a zaune take salla, tuya kuwa ta bar ta. Da na faɗa mata abin da likita ya ce game da hayaƙi, ta yi shiru, can ta ce, "Ashe abin da ya ciyar da mu shi ya ci ni."

Saboda haka ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu zauna da ma'aikatan lafiya a raɗa wa wannan cuta suna wanda tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane. Kafin nan, duk wanda yake da uwa ko goggo da ta haura arba'in, ta daɗe a bakin murhu, tana tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya nemi a auna mata numfashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.