Yadda na ƙera jirgin ruwa a tsakar gidanmu a Kano

1/ Tun da na ɗora hoton nan jiya ake ta tambayata, wai da gaske ni na ƙera jirgin? E, ni ne. A tsakar gidanmu, a Kano, inda ruwan wanka ma saya muke yi. Amma ba ni kaɗai ba ne, kuma da an bi ta tawa, da wataƙila yau zaman makoki ake yi. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Na gama bautar ƙasa na dawo gida, shekara ɗaya da rabi ba aiki. Kun san zaman: a tura takardu, a jira, a kwanta. Dare ya zame mini rana. A nan na faɗa kallon YouTube, mutane suna haɗa ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska a gidajensu. Ba inji, ba fetur. Katako, ƙyalle da igiya kawai.

3/ Babanmu kafinta ne. Ya fi shekara 40 yana yi wa amare gado da sif. Ni kuwa tun ina sakandare na guje wa shagon. In aka tambaye ni sana'ar babana sai in ce ɗan kasuwa ne. Maganar ta koma kunnensa, bai taɓa tayar da ita ba. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar wa yaransa shago, yana gida.

4/ Fasalin da na ɗauka na wani ɗan jirgi ne da ake kira Optimist. Wani maƙerin jirage, Clark Mills, shi ya zana shi a Florida ta Amurka a 1947, don yara su samu jirgi mai araha. Tsawonsa bai cika ƙafa 8 ba, kuma gabansa ba tsini, a datse yake, saboda fallen filawud ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsawo. Katakon ne ya yanke wa jirgin siffa.

5/ Hanyar haɗawa kuma ita ce ɗinki da gam. Ka yanka fallaye, ka huda gefensu, ka ɗinke da waya kamar ana ɗinkin ƙwarya, sannan ka bi ɗinkin da gam da ƙyallen faiba. Da wannan dabarar aka yi jirgin Mirror a Ingila a farkon shekarun 1960, wanda mutane da yawa suka haɗa a gidajensu. Na ce to, nima da hannu biyu aka haife ni.

6/ Ranar da na faɗa a gida, Umma ajiye muciya ta yi. Ba ta manta da hatsarin Bagwai ba, na ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife da mutane a ruwan Watari, sama da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Ta ce, “Ba da yawuna ba. Ban raine ka don in kai wa ruwa ba.”

7/ Baba na kan tabarma da rediyonsa. Ya ce, “Ki bar shi. Katako ba ya cin mutum. In abin ya kai bakin ruwa ma yi magana.” Na ji daɗi, na ɗauka goyon baya ne. Sai daga baya na gane nufinsa: bai yarda zan gama ba. Kuma yana da hujja, don ba abin da na taɓa farawa na kai ƙarshe. 😅

8/ Darasi na farko: ba kowane filawud ne ke jure ruwa ba. Gwajin mai sauƙi ne, ka yanko ɗan guntu ka tafasa shi. In gam ɗin ciki na banza ne zai buɗe fallo-fallo. Na karɓo guntaye uku a wajen 'yan katako na dafa a tukunyar Umma. Biyu suka wargaje, ɗaya ya tsaya. Faɗan da na sha kan tukunyar nan, sai wani zaren.

9/ Na kwashe ɗan abin da na tara na alawus na sayo katako. Na zana gefen dama na yanka, na zana na hagu na yanka. Da na jera su, ɗaya ya ɗara ɗaya da kusan yatsa. Baba ya taso zai yi alwala, ya shafa bakin katakon, ya ce, “Tagwaye a haɗe ake yanka su.” Ya wuce. Falle guda ya tafi a banza.

10/ Washegari na tarar da tsohon zartonsa jingine a ƙofar ɗakina, an wasa shi. Bai ce komai ba, nima ban ce ba. Daga ranar tabarmarsa ta fara matsowa. Yau tana bakin rumfa, gobe tana gindin dalbejiya, har ta iso gefen jirgi. Ba ya ganin layin fensir, amma ko sautin zarto ya ji ya san na karkace.

11/ Ranar ɗinki ba zan manta da ita ba. Wayar tagulla na samo a wajen masu gyaran fanka, na yanka guntu-guntu. Ina murɗawa, Autarmu tana riƙe mini fallaye. Katakon da ke shimfiɗe kamar ƙofa sai ga shi yana lanƙwasa da kansa. Kafin magariba abu ya zama jirgi. Wallahi sai da na zauna a ƙasa ina kallonsa.

12/ Gam ɗin shi ake kira efoksi. Ruwa biyu ne ake haɗawa, kuma awon da aka rubuta a jikin gwangwani ba a yi masa “ai ba komai”. In ka kuskure ba zai bushe ba har abada. In ka dama da yawa a zafin Kano, a kofin zai ɗau zafi ya daskare kafin ka shafa. Kaɗan-kaɗan ake damawa, da sassafe, da safar hannu.

13/ Yanzu ga inda labarin yake. Jirgin iska yana da wani katako mai kama da allon makaranta da ake zurawa ta tsakiyarsa ya leƙa cikin ruwa. Shi ke hana iska tura jirgin a kaikaice. Wato dole ka tsaga ƙasan jirginka da hannunka, ka gina ɗan akwati a kan tsagar, bakinsa ya fi ruwa tudu. Nan ne wuri mafi hatsari.

14/ Akwatina bai zauna daidai ba. A kusurwa ɗaya akwai ɗan gibi, kamar kaurin katin waya biyu. Gyaran gaskiya shi ne a cire a sake. Efoksi ya kusa ƙarewa, kuɗi sun ƙare, na gaji. Sai na kwaɓa garin katako da farin gam na kafintoci, wanda ruwa ke jiƙawa, na cusa, na goge da samfefa, na bi da fenti. Fes, kamar ba a yi ba.

15/ Da yamma Baba ya zagaya jirgin yana shafawa kamar kullum. Hannunsa ya tsaya a kusurwar nan. Ya ce, “Nan fa, ya zauna?” Na ce, “Ya zauna, Baba.” Ya ce, “To, madalla.” Ya koma tabarmarsa. Na kwanta ina ce wa kaina ai ɗan wuri ne, kuma za a gyara daga baya. Wannan “daga baya” ita ta cinye mini shekaru.

16/ Sauran aikin ya tafi sumul. Sandar tsakiya gora ce mai kauri. Ƙyallen da iska ke bugawa farin tamfol ne, wani tela a layinmu ya ɗinke bakinsa yana ta dariya. Na yi katakon juyawa na baya, sitiyarin jirgin ke nan. Na yi fenti shuɗi. Wata uku cif. Na je na durƙusa na ce, “Baba, an gama.”

17/ Ya ce, “Ba a gama ba. Kira mai ruwa.” Aka ɗora jirgin a kan benci biyu, ya sa Auta ta baza busasshiyar toka a ƙarƙashi. Aka juye jarka huɗu a ciki. Ya ce in ruwa bai fita daga ciki ba, to ba zai shiga daga waje ba. Muka zauna. Umma ma ta fito ta tsaya a ƙofar kicin.

18/ Ba a yi rabin awa ba Auta ta ce, “Yaya, toka ta jiƙe.” Ɗigo ɗaya, sai wani. Daidai kusurwar. Ba wanda ya yi magana. Da zan iya cewa katakon ne, ko gam ɗin ne ba shi da kyau, har maganar ta zo bakina. Sai na kalli Umma. Na ce, “Baba, ƙarya na yi maka. Bai zauna ba, cusawa na yi.”

19/ Ya ce, “Na sani. Tun ranar hannuna ya gaya mini.” Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Ya ce, “In na faɗa, wannan za ka gyara, na gaba kuma ka ƙara iya ɓoyewa. Nima ina yaro na yi wa gado irin wannan cushen, ƙara kawai ya riƙa yi, aka zage ni aka wuce. Kai kuwa abin da kake yi, rai za a ɗora a kai.”

20/ Sati biyu muka yi muna gyara. Na sayar da tsohuwar wayata na sayo efoksi. Muka fasa akwatin, muka sake yankawa. Shi yana shafawa yana cewa “rage nan”, ni ina ragewa. Idona, hannunsa. A sati biyun nan na yi hira da babana fiye da ta shekara goma. Aka sake zuba ruwa, ya kwana. Da safe toka a bushe.

21/ Sai Umma ta kawo nata sharuɗɗan: in koyi iyo, in sa rigar kariya, kuma ba ni ba ɗaukar Auta. Na yi wata guda ina koyon iyo tare da yara 'yan firamare, girma ya faɗi. Na kuma ɗaure jarka uku ta lita 25 a cikin jirgin, babu komai ciki, a toshe. Kowace lita ta iska tana ɗaga kusan kilo ɗaya, ko ya cika da ruwa ba zai nutse ba.

22/ Ranar fita kuma sai ga abin kunya. Kun san zauren gidan gargajiya, ƙofar ciki ba ta kallon ta waje, don kada na waje ya hango tsakar gida. Jirgi ya shiga zaure ya ƙi juyawa. Na auna komai a duniya ban da hanyar fita. 😭 Ta kan katanga muka fitar da shi, mu shida, yaran unguwa suna ihu.

23/ Muka ɗora a a-kori-kura sai madatsar ruwa ta Tiga, kudu da Kano, wadda aka gina zamanin Audu Bako. Baba ya ce sai mun fara gaida masunta mun nemi izini, ruwa da masu shi. Wani dattijo ya zagaya jirgin ya ce, “Wannan jirgi ne ko akwatin lefe?” Amma ya yarda ya bi ni a baya da kwalekwalensa.

24/ Disamba ce, iskar hunturu tana busowa daga arewa maso gabas. Na zura allo, na ja igiya, tamfol ya cika. Sai na ji ruwa yana ƙara a ƙarƙashina, gaɓa tana ja da baya. Ba inji, ba hayaƙi. Ban san lokacin da na fara kabbara ba. Auta ta ce Baba yana ta tambayarta, “Yana ina? Yana tafiya?” ita kuma tana ba shi labari.

25/ Tafiya da iska a bayanka wasa ne, dawowa ce aiki. Jirgi ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ka yanke ta a karkace, kamar digiri 45, ka yi dama, ka juya ka yi hagu, kamar mai hawa tudu da kaya. A bidiyo na san wannan. A ruwa kuwa tafiyar minti 10 sai da ta ci mini kusan awa guda a dawowa.

26/ Da na iso gaɓa Baba bai tambaye ni ya na ji ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya shigo ruwa, ya lalubo kusurwar nan ya dafa. Ya daɗe. Sannan ya ɗago tafin hannunsa ya nuna wa dattijon masuncin, ya ce, “A bushe. Ɗana ne ya yi.” Ni dai na juya ina gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

27/ Kada ku ce na ɓoye: a zagaye na biyu na kife. Iska ta sauya, sandar ƙasan tamfol ta zo ta kaina, na kauce ta inda bai kamata ba, sai ga ni a ruwa. Sanyi kamar ƙanƙara. Riga ta ɗaga ni, jarkoki suka riƙe jirgi, dattijo ya iso yana dariya. Har yau Umma ba ta san wannan ba. Auta, in kin ga zaren nan, ki rufa mini asiri. 🙏

28/ Masu cewa za su gwada, ga abin da zan ce: ku tafasa katakonku. Ku zuba wa jirgin ruwa a gida kafin ku kai shi ruwa. Ku koyi iyo, ku sa riga, kada ku fita ku kaɗai, kada ku ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Wurin da kuka cusa kuka shafe da fenti kuwa, kun san shi. Ku koma ku fasa.

29/ Aikin ofis har yanzu shiru. Amma kullum da safe ina shagon Baba, yaransa da na girme su suna koya mini. Kwanaki ya ce yana so ya ji yadda abin yake, ko sau ɗaya. Wannan ba zai ɗauke mu mu biyu ba, don haka mun fara wani mai ƙafa 12. Umma ta ce ba ruwanta, amma ta ware mana tsohuwar tukunya. Zauren ma na auna, ba zai fita ba. Ta katanga za a sake bi, masu ƙarfi ku zama cikin shiri.