Mashayin Jini da Hasken Asuba

Duk mai kallon finafinan ban tsoro ya san hasken rana na halaka mashayin jini, wato gawar da ke tashi daga kabari da dare tana zuƙar jinin masu rai. (Kuskure ne a kira shi maye, domin maye rayayye ne, kuma kurwa yake kamawa.) Sai dai wannan ƙa'ida ba ta cikin littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897. A can dodon yana yawo a Landan da rana tsaka, ƙarfinsa kawai ke raguwa.

Fim ɗin Nosferatu ne ya kawo ta, wanda F. W. Murnau ya shirya a Jamus a 1922. An ɗauki labarin Stoker ba da izini ba, Dracula ya koma Orlok. Matar marigayin ta kai ƙara, kotu ta ba da umarni a 1925 a lalata kowane kwafi. Kaɗan suka tsira. Da an cika umarnin, da an rasa fitowar da ta fi kowace ratsa zuciya: Orlok ya shagala a wuyan Ellen har zakara ya yi cara, sannan ya ɓace a bakin taga kamar hayaƙi.