Mamman da Muhammadu: mutum ɗaya ne ko biyu?

Wata Juma'a da yamma, bayan kasuwar shanu ta Wudil ta watse, kawuna ya miƙo mini takardu biyu. Shi ne magatakardan wata ƙungiyar dillalai. Takarda ɗaya sunayen 'yan ƙungiya ce, ɗayar kuma ta waɗanda suka biya kuɗin shekara. Ya ce, "Kai da ka karanci kwamfuta, fitar mini da waɗanda ba su biya ba. Ranar Lahadi za a karanta sunayensu a taro."

Na ɗauka aikin minti biyar ne. A harshen PHP akwai umarnin array_diff: ka ba shi jeri biyu, ya dawo maka da abin da ke cikin na farko wanda babu shi a na biyu. Na shigar da sunayen, sai ga jeri mai tsawo ya fito. Kawu ya duba, ya ɗora yatsa a kan sunan wani dattijo, ya ce, "Wannan ai shi ya fara biya, kuma a hannuna."

Ba laifin na'ura ba ne. Harafi da harafi take gwadawa, in ɗaya ya saɓa, a wurinta mutum biyu ne. Magatakarda ya rubuta Muhammadu, ma'aji ya rubuta Mamman. Wancan ya sa Ɗanladi da ƙugiyarsa, wannan kuwa Danladi, don wayarsa ba ta da harafin. Wani an sa masa Alhaji a takarda ɗaya, an manta a ɗayar. Da an karanta jerin nan a bainar jama'a, da an ci mutuncin dattawan da ba a bin su ko sisi.

Maganin shi ne array_udiff. Bayan jeri biyun, kana ba shi ma'aunin da kai ka rubuta, wanda zai yanke ko sunaye biyu ɗaya ne. Kamar ka je awo da mudunka ne. Nawa ma'aunin yana cire Alhaji da Malam, ya mai da ɗ, ƙ da ɓ haruffa marasa ƙugiya, sannan ya tattara Mamman, Muhammadu da Mohammed wuri ɗaya, haka Habu, Garba da Abubakar.

A nan na yi tuntuɓe. Na sa ma'aunin yana amsa "ɗaya ne" ko "ba ɗaya ba ne" kawai, sai ga sunayen da suka dace da juna suna fitowa a jerin masu bashi. Ashe PHP yana fara tsara jerin ne bi da bi kafin ya gwada, don haka amsa uku yake bukata: lamba ƙasa da sifili in na farko ne ya kamata ya gabata, sifili in daidai suke, sama da sifili in na biyu ne a gaba. Wannan ya cinye mini daren Juma'a, ga sauron bakin kogi.

Ranar Asabar jerin ya ragu sosai, har na fara jin kaina. Kawu ya sake dubawa, ya tambayi ina wani Garba, mutumin Gaya, wanda kowa ya san bai biya ba. Ma'aunina ya haɗe shi da wani Abubakar na Garko, don sunan mahaifinsu ɗaya ne, kuɗin wannan ya wanke wancan. Da farko na tsaurara na zalunci masu biya, yanzu kuma na sassauta na cuci ƙungiya.

Sai na ƙara sunan gari cikin ma'aunin. Sauran 'yan sunayen da suka rikice kuwa, kawu ne ya warware su da ka, yana faɗin wane ɗan wane ne, kuma a wane layi yake ɗaure shanu. Ranar Lahadi aka karanta jerin, ba wanda ya yi gardama. Kafin a tashi, ya nemi a amince a ba kowane ɗan ƙungiya lamba, a riƙa rubuta ta gaban sunansa a littattafan biyu.