Lokacin da Jerin Tashoshi Yake Buɗe ga Kowa

Waɗanda suka girma da rediyo mai gajeren zango sun san daɗin laluben tasha: bayan isha'i a miƙe a kan tabarma, a riƙa murɗa maɓalli a hankali ana wuce shuu da ƙarar iska, har muryar Landan ko ta Jamus ta fito, wani lokaci ma a faɗa kan tashar da ba a san harshenta ba, a tsaya ana saurare saboda kiɗan ya yi daɗi. Ku kuma yaran yanzu, ya kamata ku ji cewa bayan wancan zamani an yi wani gajere a intanet, shi ma ya wuce.

A ƙarshen 1998 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Nullsoft, wanda ya ƙera manhajar Winamp, ya fito da SHOUTcast. Duk mai kwamfuta da makirufo da layin intanet yana iya buɗe gidan rediyo daga ɗakin kwanansa, ba sai ya kafa dogon ƙarfen eriya ba, ba sai ya yi ta zarya ofishin hukuma ba. Abin da ya fi wannan armashi shi ne jerin tashoshin: da zarar mutum ya kunna na'urarsa, sunan tasharsa zai hau kan jerin da duniya ke dubawa, dab da sunayen manyan gidaje. A 1999 Icecast da Live365 suka biyo baya. Sai ka ga ɗalibi ya raba dare yana sa faifai, idonsa na kan wata 'yar lamba a gefen allo da ke nuna yawan masu sauraronsa, daga uku ta koma bakwai, ya duba ya ga ɗaya daga Birazil yake, wani daga Jafan, mutanen da bai taɓa gayyata ba, laluben jeri ne kawai ya kawo su.

Tun a lokacin ana cire sunaye. Da yake jerin yana ɗora mai yawan masu saurare a sama, wasu suka riƙa ƙirƙirar masu saurare na bogi don su haye, kuma ba wanda ya yi musu kuka da aka kore su. Amma akwai waɗanda suka wayi gari ba sunansu, ba bayani, ba kuma wanda za su kai wa ƙara. Na'ura tana aiki, murya tana fita, lambar nan kuwa ta tsaya a sifiri. Kamar ɗan kasuwa ne da aka ɗauke rumfarsa aka kai bayan gari: kayansa na nan yadda suke, masu wucewa ne babu.

Sai kuma maganar kuɗin haƙƙin mawaƙa ta taso, ita ce ta yi babbar shara. A ranar 26 ga Yunin 2007 tashoshin intanet na Amurka da dama suka yi shiru na yini guda don nuna adawa da ƙarin kuɗin. An samu sassauci na wasu shekaru, da wa'adinsa ya ƙare sai Live365 ta rufe a ƙarshen Janairun 2016, dubban ƙananan tashoshi suka rasa masauki. Ta dawo daga baya a hannun wani mai ita, amma da yawa ba su dawo tare da ita ba. A 2019 wata kotu a Landan ta ba kamfanonin Sony da Warner gaskiya a kan manhajar lalubo tashoshi ta TuneIn, daga baya aka toshe wa mazauna Birtaniya mafi yawan tashoshin ƙasashen waje. Bahaushen da ke karatu ko aiki a can, wanda ya saba lalubo gidajen rediyon gida a wayarsa don ya ji labarin Kano ko Zinder, hukuncin ya shafe shi shi ma. Radio Garden, wadda aka fara a Holan a 2016, inda mutum ke juya taswirar duniya da yatsa yana taɓa korayen ɗigo, ita kuma an toshe ta a Turkiyya a 2022.

Mawaƙi ya cancanci haƙƙinsa, ba na ja da wannan. Abin da ke damuna shi ne manyan gidaje sun biya sun zauna, ƙanana ne aka share.

Waɗanda aka cire ba su naɗe hannu ba. Wasu sun koma jerin Icecast, wasu sun shiga jerin Radio Browser da 'yan sa-kai ke kula da shi, wasu sun yi wa tasharsu manhaja ta kanta. Wasu kuma sun koma Facebook da YouTube, inda na'ura ke iya katse shiri kai tsaye da zarar ta ji waƙar da ke da mai ita. Yau wanda ya buɗe tasha sai ya yi ta tura adireshinta a zaurukan WhatsApp, yana roƙon dangi da abokai su tura wa wasu, kuma galibin masu sauraronsa mutane ne da suka riga suka san shi.